Zuwa ga Yaya, kan maganar sola

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali. Yaya jikin Inna? Auta ta ce min sugan ya sake hawa, kuma zafi ya hana ta barci, har sai an shimfiɗa mata tabarma a tsakar gida. Tun da na ji haka hankalina bai kwanta ba. Ni dai lafiyata ƙalau, aiki na tafiya, alhamdu lillahi.

Kuɗin da na turo ranar Litinin na sola ne, Yaya, ba na komai ba. Na san Kawu zai zo da maganar gyaran janareta, wani kuma zai kawo ta biki. Ka ba su haƙuri. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 janaretan nan yake cin abin da nake turowa, kuma ka tuna yadda kuka yi a Oktoban 2024, da layin wuta na Shiroro zuwa Kaduna ya lalace, Arewa ta fi mako guda a duhu. Allurar Inna sai da aka kai ajiya gidan mutane. Ba na so a sake.

Sai kuma maganar da ta fi ɓata min rai. Na ji ana yawo da ita a unguwa cewa wai a Jamus gwamnati kyauta take raba sola, ni kuma da nake aikin kafa ta na hana gidanmu. Har Goggo ta aiko min da saƙon murya a kai. Wallahi ba haka ba ne, kuma ina so ka karanta musu wannan wurin.

Ba a ba kowa kyauta. Abin da gwamnati ta yi, daga 1 ga Janairun 2023 ta cire harajin saye, wanda yake kashi 19 cikin ɗari, daga kan faifan sola da batirin da za a sa a gida. Mutum da kuɗinsa zai saya, harajin kawai aka ɗauke masa. Sannan in wutar da rufinsa ya samar ta fi ƙarfin gidansa, ragowar ta shiga layin gari, mita na ƙirgawa, a biya shi wajen kwabo 8 a kuɗinsu kan kowane yunit, wato kilowat ɗaya na tsawon awa guda, kuma doka ta tsayar masa da wannan farashin har shekara 20. Ga wanda solarsa ba ta wuce kilowat 30 ba, ba a karɓar harajin kuɗin shiga a kan abin da ya samu. Amma shi da kansa in zai sayi wuta daga kamfani, sama da kwabo 30 yake biya. Shi ya sa kusan duk gidan da muka je yanzu sai an haɗa da batir, don gara ya adana wutarsa ya sha da dare da ya sayar da arha ya sayo da tsada. Akwai lokacin da bankin gwamnati, KfW, ya fito da tallafi a Satumban 2023 ga masu motar lantarki da za su sa sola da batir da wurin caji. Yuro miliyan 300 aka ware, a rana ɗaya suka ƙare. Kuma duk wannan na mai gida ne. Ni ɗaki nake haya, ba ni da rufi. Ɗan haya abin da zai iya shi ne ya rataya ɗan ƙarami a baranda, wanda tun 2024 aka yarda ya kai wat 800, ɗakina kuwa ko barandar babu.

To ka ga babu abin da zan ɗauko in aiko. In ma na saya a nan, kuɗin jirgi da na kwastan sun cinye sauƙin. A Kano za a saya.

Abin da yake min ciwo shi ne, a nan Hamburg lokacin hunturu ƙarfe 4 na yamma duhu ya yi, wani sa'in a yi kwanaki ba a ga rana ba, amma rufi bayan rufi sola ce. Ranar da ke sauka a kan kwanon gidanmu a shekara ta kusa ninka tasu biyu. Ina kan rufin wani ina ɗaure faifai don ya kunna injin wanke kwanuka, uwata tana can tana fifita da mafici. Da ina gida da da hannuna zan kafa muku, don aikin nan na iya shi, har maigidan namu yakan bar min sababbin yara in nuna musu. Sanyi kan rufi akwai shi, bayan ma yakan ɗan riƙe, amma ba wani abu ba ne, kada ka gaya wa Inna.

Yanzu ga yadda nake so a yi. Kai da kanka za ka je kasuwa, kada ka aiki kowa. Batir na litiyam za a saya, sabo a kwalinsa, da takardar garanti da rasit mai sunan shago. Za su nuna maka mai ruwa su ce ya fi arha. Gaskiya ne ya fi arha, amma shi ba a shan fiye da rabinsa, in ana ƙure shi kullum ba ya daɗewa, kuma na san gidanmu, ba wanda zai tsaya duba ruwansa. Na gwanjo kuwa ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa. Kafin ka biya ka ɗauki hoton rubutun da ke jikin batirin da na inbata da bayan faifan ka turo min, ni zan ce a biya ko a bari. Kada a yi rowar waya, siririyar waya zafi take yi, ita ke kawo gobara.

Mai haɗawa ya fuskantar da faifan kudu, ya ɗan karkata su don ruwan sama ya riƙa wanke su, kuma ya kauce wa inuwar darbejiyar nan ta bayan ɗakin Inna, don inuwa a kan faifai guda tana rage ƙarfin sauran da ke layinsa. Batir a sa shi inda iska ke shiga, ba a ɗakin girki ba, zafi ne ke kashe shi. Lokacin hazo a riƙa goge ƙura da ruwa da tsumma mai laushi, da sassafe kafin gilashin ya ɗau zafi.

Firjin maganin Inna da fankarta su ne farko. Sai fitilu da cajin waya. Dutsen guga da hita ba sa ciki, ka faɗa wa matan gidan da bakinka. Shi kuma ƙaninmu, na ji yana cewa zai buɗe shagon caji a zaure da wannan wutar. Ban yarda ba. In yana son sana'a ya kira ni mu yi magana, amma ba da batirin Inna ba. Ya kuma rage zaman majalisa, labarinsa yana zuwa min.

Na san nauyi ya yi maka yawa, Yaya. Tun rasuwar Baba kai ne a tsaye, ni ko jana'iza ban samu ba, sai dai aike. Ba umarni nake ba ka ba, wane ni. Kuɗin ne ba da sauƙi suka taru ba, kuma ba zan iya turo irinsu nan kusa ba. In sun gaza a rage yawan faifai, a ƙara daga baya, amma kada a taɓa ingancin batir. In kuma an samu ragowa, a biya kuɗin makarantar Auta, kada a raba.

Maganar zuwa gida ina nan ina ƙoƙari, in takardu sun daidaita za ku ji. Ka gaishe min da Inna sosai, ka ce ta ci gaba da sa ni a addu'a. Ka gai da Goggo da Kawu da matarka da yara. Ina jiran hotunan kafin Juma'a.

Naka,
ƙaninka