Wasiƙa Zuwa ga Aminina Kan Makarantar Unguwarmu

Silver Spring, jihar Maryland

Aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, da Hajiya da yara da su Baba. Ya aiki, ya fama da ɗalibai? Mu nan lafiya lau, sai sanyi da ya shigo da ƙarfinsa, kafin biyar na yamma rana ta faɗi. Uwargida tana gaishe ku, ta ce a yi wa Hajiya godiyar kuka da daddawar da ta aiko, sun iso lafiya.

Ran nan a waya ka tambaye ni wace irin makaranta 'yarka take zuwa, na ji mamaki a muryarka da na ce ta gwamnati ce, ko sisi ba ma biya. Na ga maganar ta fi ƙarfin waya. Kai kuma malami ne, shekara ashirin da ɗoriya kana riƙe da alli, shi ya sa na ce gara in zauna in rubuto maka.

Sunanta Montgomery Blair. Tana nan garinmu Silver Spring, wanda ke manne da birnin Washington ta arewa. Irin garuruwan nan ne na bayan birni, da safe mutane su kwarara cikin Washington wajen aiki, da yamma su dawo su kwana. Ka ɗauka kamar yadda Mararaba ko Suleja suke wa Abuja. Yaro yana yin shekara huɗu a makarantar, daga aji tara zuwa aji goma sha biyu a lissafinsu. Ɗalibanta sun haura dubu uku, duk gundumar Montgomery babu sakandaren da ta kai ta yawan yara. Ƙarfe takwas saura kwata ake shiga aji, a tashi biyu da rabi. Tun da duhu-duhu motar makaranta, mai launin ɗorawa, take tsayawa a bakin layinmu, ita ma kyauta.

Tarihinta ne ya fi jan hankalina, don sunan da ke rubuce a ƙofarta kaɗai darasi ne. A shekarar 1925 aka buɗe ta da sunan garuruwa biyu, Takoma Park da Silver Spring. A 1935 ta koma sabon gini a titin Wayne, a nan aka raɗa mata sunan da take amsawa yau. Shi Montgomery Blair lauya ne. Mahaifinsa, Francis Preston Blair, shi ne a 1840 ya ci karo da wani marmaro da yashinsa ke ƙyalli kamar azurfa, ya sayi filin ya gina gida, daga nan garin ya samo suna. Ɗan kuwa shi ya tsaya wa Dred Scott a Kotun Ƙolin Amurka, wani bawa da ya kai ƙara yana neman 'yancinsa. A 1857 kotun ta yanke cewa baƙar fata ba ɗan ƙasa ba ne, ba shi ma da hurumin kai ƙara. Blair ya faɗi a shari'ar. Daga baya Shugaba Lincoln ya ba shi shugabancin gidan waya na ƙasa, kuma a lokacin yaƙin basasa, a 1864, aka ƙone gidansa da ke nan Silver Spring sa'ad da sojojin kudu suka biyo ta garin. Mutane da yawa suna ɗauka sunansa aka sa wa gundumar, alhali ita sunan wani janar ne daban, Richard Montgomery.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wannan. Makarantar da ke ɗauke da sunan lauyan bawa, shekaru da dama ba ta karɓar jikokin bayin. Doka ce ta raba makarantu a lokacin, farare daban, baƙaƙe daban. Yaro baƙi a gundumar nan in yana son sakandare sai ya tafi can Rockville, ko da kuwa wata tana bayan gidansu. Sai a 1954 Kotun Ƙoli, wadda ta kayar da Dred Scott kusan shekara ɗari kafin nan, ta ce wannan rabuwa ta saɓa wa tsarin mulki, sannan aka fara haɗa yaran sannu a hankali. Duk ranar da na kai 'yarka na ga ta shige ƙofar nan da hijabinta babu mai ɗaga ido ya dube ta, sai in tuna akwai waɗanda suka sha wuya kafin ƙofar ta buɗe, kuma ba su san mu ba.

Yau in ka tsaya a babban barandan makarantar lokacin canjin darasi, sai ka ce filin Arfa. 'Ya'yan mutanen Habasha da Eritiriya, waɗanda suka cika garin nan da gidajen abinci, 'ya'yan El Salvador da Guatemala, 'yan Kamaru, 'yan Ghana, 'yan Indiya da Sin da Biyetnam, da baƙaƙe da fararen ƙasar. Ɗan likita da ɗan mai wankin mota kujera ɗaya suke zama. Wanda ya zo bai iya Turanci ba akwai ajinsa na musamman har bakinsa ya buɗe. Wanda gidansu babu hali ana ba shi abinci kyauta ko da rangwame, ba a kuma shelanta shi a gaban 'yan'uwansa.

Hakan bai zo a banza ba. Da baƙi suka yi ta zuwa, masu hali suka fara janye jiki zuwa unguwanni masu nisa, makarantar ta kama hanyar zama ta talakawa zalla. Hukumar ilimi ta gundumar sai ta yi dabara. A 1985 ta buɗe wani shiri na lissafi da kimiyya da ilimin kwamfuta a cikinta, wanda suke kira Magnet, wato maganaɗisu, don ya jawo yara masu kaifin basira daga sauran unguwanni. Kimanin ɗari ake ɗauka a shekara. Shirin ya yi suna a Amurka baki ɗaya, yaransa sun sha kaiwa zagayen ƙarshe a babbar gasar kimiyya ta ɗaliban sakandare. Akwai wani shirin kuma na rubutu da aikin jarida, kuma ɗalibai suna da jaridarsu, Silver Chips, wadda su suke rubutawa su tace. Carl Bernstein, ɗaya daga cikin 'yan jarida biyun da bincikensu kan badaƙalar Watergate ya kai Shugaba Nixon ga murabus a 1974, nan ya yi karatu. Haka Connie Chung mai karanta labarai a talabijin. A 1998 aka tashi daga titin Wayne zuwa katafaren ginin da suke ciki yanzu, gefen babban titin da ya zagaye Washington, tsohon ginin kuma aka mayar da shi makarantar ƙanana.

Ba zan ce maka komai zuma ba ne. Har yanzu ana muhawara ko yaran shirin nan na musamman suna cuɗanya da sauran da gaske, ko rufin gini kawai suka haɗa. Sannan a ƙasar nan adireshin gidanka ne yake zaɓa wa ɗanka makaranta, shi ya sa gida a unguwa mai makaranta mai kyau yake tsada, talaka kuma ya tsaya inda aljihunsa ya ajiye shi. Wannan yana damuna.

Amma ka san me ya fi taɓa ni? Mutanen garin nan sun ɗauki makarantar tasu ce. Kaso mai tsoka na kuɗinta daga harajin gundumar yake fitowa, har da na gidaje, kuma su suke zaɓen 'yan hukumar ilimi da ƙuri'a. Na je taron iyaye da dare, ana sanyi, na tarar zauren ya cika, wata uwa da kayan aikin asibiti a jikinta tana tambayar malami dalilin da ya sa makin ɗanta ya sauka. Ta wannan hanyar iyaye Musulmi suka yi shekaru suna zuwa zaman hukumar, har a 2016 aka fara tsara kalanda yadda yara ba su da karatu ranar Babbar Sallah. Kuma a jihar Maryland yaro ba ya karɓar takardar kammalawa sai ya yi awa 75 yana aikin sa kai. 'Yarka tana yin nata a wurin rabon abinci ga mabuƙata.

A hanyar dawowa daga taron nan, kai na tuna, da makarantarmu ta kwana. Ka tuna ɗan babban sakatare da muke cin tuwo kwano ɗaya da shi, mu da iyayenmu manoma? Uban nan in ya zo ziyara har kicin yake leƙawa, domin ɗansa a ciki yake ci. Yanzu duk wanda Allah ya buɗa wa a cikinmu ya kwashe nasa ya kai makarantar kuɗi, aka bar ku da yara fiye da ɗari a aji, wasu a ƙasa. Ni ma ina cikin waɗanda suka yi nisa, kuma abin yana ci mini rai. Unguwannin da suka tsiro kewaye da makarantarka a bayan gari cike suke da ma'aikata da 'yan kasuwa, ina ma a ce nasu 'ya'yan suna ajinka.

Don Allah ka rubuto mini yawan yaran da ke ajinka bana, da abin da kafinta zai karɓa a kan benci ɗaya mai cin mutum uku. Ka kuma sanar da ni ranar da 'yan ajinmu za su zauna bayan Sallah, ina so a sa maganar nan a gaba, zan shiga ta waya ko da tsakar dare ne a nan. 'Yarka ta ce in gaya maka ta fara ajin kimiyyar sinadarai, kuma tana jiran tambayoyin da ka yi alkawarin aiko mata.

A gaishe mini da su Baba da kyau, a ce ina neman addu'a. Allah Ya bar zumunci, Ya sada mu da alheri.

Naka har kullum,
Amininka