Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Shugaban Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Najeriya (SON): wa ke auna ma'auninmu?

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni ɗan kasuwa ne a Dawanau, riɗi da zoɓo nake tarawa ina sayar wa masu fita da su waje. Duk cinikina a kan sikeli yake, sai ɗan ma'aunin danshi da muke soka wa buhu. Kukan da na kawo muku ke nan.

Bara wani mai saye ya turo wakilinsa. Kafin ya duba kaya sai ya ce in nuna masa takardar daidaita sikelina. Na ɗauko ta da alfahari, domin kuɗi na biya wani kamfani, suka zo da duwatsun awo, suka ɗora, suka manna sitika. Mutumin ya karanta, ya ce: "To su duwatsun nasu, wa ya auna su?" Na yi shiru. Takardar ba ta faɗi inda aka gwada duwatsun ba, ba ta faɗi iyakar kuskuren da awon zai iya yi ba, babu kuma shaidar cewa wata hukuma ta tantance kamfanin. Ashe sitika kawai na saya.

Daga baya na gane abin tamkar isnadi ne a wurin malamai. Sikelina ya karɓa daga duwatsun kamfani, duwatsun kamfani daga cibiyar awo ta ƙasa, ita kuma daga ma'aunin duniya da ofishin awo na ƙasa da ƙasa da ke garin Sèvres, kusa da Paris, ke kula da shi tun yarjejeniyar mita ta 1875. Ko da aka daina dogaro da tsohon curin kilo na ƙarfen platinum a 2019, silsilar ba ta yanke ba. In mutum ɗaya ya faɗi a tsakani, ruwayar ta raunana. Mu da aka tashe mu da tsoron tauye mudu bai kamata wannan ya zama mana baƙon abu ba.

Na san kuna da Cibiyar Awo ta Ƙasa a Enugu, na kuma san akwai NiNAS mai tantance ɗakunan gwaji bisa ƙa'idar ISO/IEC 17025, ga sashen awo da ma'auni a Ma'aikatar Masana'antu da Kasuwanci. Gine-gine da ofisoshi dai akwai. Amma ɗan kasuwar da ke Kano ko Gusau ko Maiduguri, ƙofar wa zai ƙwanƙwasa? Na tambayi abokan sana'a da dama, kowa da sunan da zai ba ka, galibi na wanda ya fi araha.

Roƙona na farko ba ya cin kuɗi sosai. A fitar da jerin kamfanonin da aka tantance, a rubuta abin da kowanne ya cancanci ya daidaita, domin wanda ya iya sikeli ba lallai ya iya ma'aunin zafi ba. A sa ranar ƙarewar shaidarsa da lambar da za mu duba ta a waya. A yi shi da Hausa ma, a karanta a rediyo, don a can 'yan kasuwarmu suke.

Na biyu, a kawo mana reshe a Arewa, ko motar gwaji mai zagaya manyan kasuwanni kafin kaka. Ɗora na'ura mai laushi a mota zuwa Enugu, a dawo da ita kan waɗannan ramuka, kusan aikin banza ne. Jijjigar hanya kaɗai na iya ɓata abin da aka je gyarawa.

Ba mu manta da 2015 ba, lokacin da Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenmu saboda maganin ƙwari. Ɗakin gwajin da zai wanke mu a irin wannan zargi, shi ma sai na'urorinsa suna da isnadi kafin a saurare shi.

Sabon riɗi na nan tafe, wakilin nan kuma zai dawo. Ina so wannan karon in san wanda zan kira.

Huta lafiya.

Naku,
Wani ɗan kasuwar riɗi, Dawanau, Kano