Zuwa ga Mamana, a kan maganar barcin nan

Assalamu alaikum Mamana. Sau uku na kira ki jiya ba ki ɗaga ba, shi ya sa na zauna ina lallatsa wayar nan da kaina, don Allah ki karanta har ƙarshe.

Gwaggonki ta dawo daga Kano ta ce kin rame, kuma wai a gabanta kika ce in kun dawo daga lokeshan barci ba ya ɗaukarki sai kin haɗiyi ƙwaya. Ita a raha ta faɗa, ni kuwa tun ranar ban runtsa ba.

Surutun mutane a kan shigarki fim bai taɓa damuna ba, ni na amince, kin ga dai har yau Kawunki da ƙyar yake amsa gaisuwata. To da wane baki ma zan hana ki, ni da nake satar jiki in tafi silimar Plaza kallon Indiya? A can na san Meena Kumari. Musulma ce, sunanta na yanka Mahjabeen Bano, an haife ta 1933 a Bombay, tun tana 'yar mitsitsiya ubanta ya kai ta gaban kyamara saboda babu, ita ta dinga ci da gidan. Sau 4 tana cin kyautar Filmfare ta gwanayen fim a Indiya, in ta zubo hawaye sai ki ji silima tsit, ƙattin maza har da masu feɗuwa kowa ya kama bakinsa. Ta auri darakta Kamal Amrohi a 1952, a 1964 suka rabu.

Ita ma da barci abin ya fara. Likita ne ya ce ta dinga ɗan kurɓar giya kafin ta kwanta, likita fa Mamana, ba 'yan tasha ba. Kurɓa ta koma kwalba. Fim ɗinta Pakeezah da aka fi shekara 10 ana fama da shi ya fito a Fabrairun 1972, ranar 31 ga Maris ta rasu, hanta ta lalace, shekararta 38. Jama'a na turereniya wajen sayen tikiti ita tana kabari.

Ke me kika fi ta? Kyau ko suna? Wa ya fara ba ki ƙwayar nan, ƙawa ce ko wani cikin masu shirin? Kar ki ce min likita, kin dai ji abin da na faɗa. Mahaifiyarki kika samu kike cewa lafiya lau, saboda kin san ba ta iya musu ba.

Ki yi haƙuri, tsoro ne yake sa ni faɗa. Uban waccan talauci ya sa shi, ni ban taɓa tambayarki ko sisi ba kuma ba zan fara ba. Ki zo ran Juma'a ki taho da fakitin in gani da idona, an share ɗakinki, gidan sauron ma na sake sabo. In babu kuɗin mota ki yi min filashin.

Babanki