Roƙon tallafi domin gwaurayen ikkilisiyarmu kafin faɗuwar damina

Zuwa ga 'yan'uwa cikin Almasihu, na gida Zuru da waɗanda aiki ya kai Birnin Kebbi, Kaduna da Abuja, muna gaishe ku cikin sunan Ubangiji Yesu.

Kowa ya san abin da ƙasarmu ta gani a hannun 'yan bindiga. A watan Maris na 2022 kaɗai, 'yan sa-kai fiye da 60 suka rasa rayukansu a yankin Sakaba. Tun daga lokacin mata da yawa daga ƙauyukan Danko-Wasagu da Sakaba suka dawo cikin gari da 'ya'yansu, ba miji, ba gona. Wasunsu tare muke sujada kowace Lahadi.

Mun saba raba shinkafa da atamfa a lokacin Kirsimeti. Abu ne mai kyau, Allah ya saka wa masu bayarwa. Amma shinkafar Disamba ba ta kai mutum Fabrairu. Da Zumuntar Mata ta zauna da iyayenmu gwauraye, abin da suka nema shi ne na riƙe kai: taki da irin dawa, wake da gyaɗa, ɗan jarin ƙuli-ƙuli ko daddawa, keken ɗinki, da injin markaɗe guda da za su riƙa juyawa tsakaninsu. Sai kuɗin makarantar marayu, wanda shi ne ya fi hana su barci.

Don haka muke roƙo. Mai kuɗi ya kawo kuɗi, mai hatsi ya auno ko da mudu ɗaya ne. Wanda ke da gonar da ba zai noma bana ba, ya ba da aronta. Matasa, gayya muke nema a wurinku ranar shuka da ranar noman fari. Dattawa kuwa, idan dangin miji suka tasar wa gona ko gidan marayu, ku je ku tsaya, kada a bar mace ita kaɗai a gaban mai unguwa.

Wani zai ce, ai ana cire baiko kullum, wato bayarwar da ake tarawa lokacin sujada. Gaskiya ne, sai dai a Ayyukan Manzanni sura 6, da aka yi ƙorafin ana tsallake wasu gwauraye wajen rabon abinci, mutum bakwai aka keɓe domin aikin, har da Istifanas. Mu ma mun keɓe asusu daban, kuma gwaurayen da kansu suka zaɓi wakilansu cikin kwamitin, su ne za su faɗi wadda ta fi matsuwa. Da yawansu masu koyarwa ne a makarantar Lahadi, wasu mawaƙa ne, sun fi mu sanin gidan da ba a ɗora tukunya ba.

A miƙa gudummawa ga ma'ajin ikkilisiya bayan sujada, a karɓi rasit. Hatsi a kai ofishin Fasto. Za mu karanta rahoton abin da ya shigo da inda ya tafi a gaban jama'a ranar Lahadi mafi kusa da 23 ga Yuni, ranar gwauraye ta duniya. Taki dai a daure a kawo kuɗinsa da wuri, domin ruwa na sauka farashinsa ke tashi.

Naku cikin hidima,
Kwamitin Kula da Gwauraye da Marayu