Gyambon bakin da samarinmu ke ɗora wa basir

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarku in yi magana kan wani abu da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Shekarata 14 ina riƙe da kantin magani a Kano, kuma daga bara zuwa bana samari masu gyambon baki sun yi mini yawa fiye da yadda na saba gani. Yaro zai shigo yana magana da gefen baki, ya ce, "Baba, a ba ni kafso, basir ne ya taso mini." In na ce buɗe in gani, sai in tarar da miki zagayayye, tsakiyarsa fari, gefensa ja, a cikin leɓe ko gefen harshe. Kafin ya rufe bakin, ƙamshin mangwaro ko na'a-na'a ya bugo ni. Daga nan na san akwai sigarin lantarki a aljihunsa, wanda suke ce wa bef ko shishar aljihu.

Abin ya shigo har gidanmu. Ɗan ƙanwata, mai gyaran waya ne ɗan shekara 22, sau uku gyambon yana fito masa cikin wata biyu. Ya sha jiƙo, ya sha kafso, daga baya wani abokinsa ya ce ya daka asfirin ya ɗora a kai. Asfirin ɗin ya ƙone wurin, mikin da bai fi ƙwayar gero ba ya koma kamar ƙwayar wake, tuwo ma ya gagare shi sai kunu. Sai da na zaunar da shi na ce, "Ɗana, faɗa mini gaskiya, me kake zuƙa?" sannan ya zaro abin daga aljihu yana sunkuyar da kai.

Ruwan da ke cikin wannan na'ura yawancinsa sinadarai biyu ne, firofilin gilaikol da gilisarin, kuma dukkansu janye danshi suke yi. Mai zuƙa tun safe har dare bakinsa bushewa yake yi. Mutane sun raina yawu, alhali shi ne mai gadin baki: shi ke wanke ragowar abinci, ya tausasa fata, ya rage ƙarfin ƙwayoyin cuta. In ya ja baya, fatar cikin kumatu takan zama kamar ƙasar da ta tsage da rani, ɗan cizo ko ɓawon ƙuli-ƙuli ya isa ya buɗe miki. Ku ƙara da hunturun Kano, da yaron da zai wuni a rumfa bai sha ruwan kirki ba.

Nikotin kuma, sinadarin taba da ake sawa a cikin ruwan, matse jijiyoyin jini yake yi, saboda haka wurin da ya ji ciwo ba ya samun jinin da zai warkar da shi da wuri. A jikin na'urar ɗan ƙanwata an rubuta 5%, wato miligiram 50 na nikotin a kowace mililita. A Birtaniya da ƙasashen Tarayyar Turai doka ba ta yarda a wuce 20 ba, kuma tun 1 ga Yunin 2025 Birtaniya ta haramta sayar da irin wadda ake zuƙa a yar. Shi kuwa ya sayi tasa ba wanda ya tambaye shi ko shekarunsa nawa.

Ƙamshin da ke jan su ma yana da nasa. Sinadarin kirfa sananne ne wajen fusata fatar baki, na na'a-na'a kuma yana yi wa wasu haka. In ruwan ya kusa ƙarewa, audugar da ke ciki takan ƙone, hayaƙi mai ɗaci da zafi ya daki ganɗa da harshe. Yaran sun san wannan ɗacin, amma don kada kuɗinsu ya tafi a banza sai su ci gaba da ja. Siririyar wayar ƙarfen da ke ɗumama ruwan a wasu na'urorin tana da ƙarfen nikel, wanda shi ne ke sa kunnen wasu mata ya yi ƙuraje in sun sa ɗan kunne mai arha. Ga kuma al'adar majalisa, na'ura ɗaya ta zaga baki shida, mai ƙurajen leɓe ya raba wa sauran.

Ba zan ɗora wa bef komai da komai ba. Wanda ya bar taba sigari kwanan nan yakan yi gyambon baki a makonnin farko ko bai taɓa na'urar ba, kuma yana wucewa, kada ya ce zai koma wa taba saboda shi. Ƙarancin jini, ƙarancin bitamin B12, damuwa, da karyayyen haƙori mai kaifi duk suna kawo shi.

Mu masu kantin magani ma da laifinmu, Edita. Wani ba ya ko duba bakin yaro, sai ya ƙirga masa kafso ya karɓi kuɗi, alhali irin wannan gyambo ba ya jin maganin kashe ƙwayoyin cuta. Gyambo na yau da kullum yana warkewa da kansa cikin mako ɗaya zuwa biyu. Wanda ya kai mako uku, ko gefensa ya yi tauri, ko ya zo da farin tabo ko ja da ba ya gogewa, wannan ya wuce kanti, na likitan haƙori ne, domin da irin haka ne ciwon dajin baki kan fara.

Ɗan ƙanwata na sa shi ya ajiye na'urar, ya riƙa kurkure baki da ruwan ɗumi da gishiri, ya yawaita shan ruwa, ya huta da yaji. A kwana na goma ya ci tuwo. Barin nikotin ya ba shi wuya, har yanzu muna fama, amma gyambon bai dawo ba. Ina roƙonku ku tura wakilinku shagunan da ake sayar da waɗannan na'urori, ya karanta wa jama'a abin da aka rubuta a jikin kwalayensu, ya kuma tambayi masu shagon shekarun yaran da ke saye.

Na gode.

Mai kantin magani,
Hotoro, Kano