Koke zuwa ga Mai Unguwa: a cire ban ruwan filayen gari daga tiyon ruwan shanmu

Assalamu alaikum Baba Mai Unguwa, ranka ya daɗe, Allah ƙara girma da lafiya.

Mu ne talakawanka mazauna wannan ɓangare na tudu a nan Yamai, iyaye mata da magidanta da samari har da 'yan ga-ruwa, munka taru munka ce a rubuto maka, don kai ne ubanmu kuma bakinka ya fi namu isa wurin hukumar birni. Maganar ruwa ce Baba, amma wannan karon ba kukan da anka saba ba ne na "pompo bai zo ba", akwai abu guda da muke ganin ana iya gyarawa ba sai an jira babban aiki ba.

Ka san yadda gari yake daga Maris zuwa Mayu, zafi ya wuce digiri 40, kowa na neman ruwa lokaci guda, ga kuran na ɗaukewa injinan turo ruwa su tsaya. Ruwan da muke sha daga kogin Isa ake janyo shi a tace a Gudel sannan a turo shi shato-shato, wato manyan tankunan ruwa na bisa, to wanda ke nesa kuma bisa tudu shi ne na ƙarshe a layi, ka tambayi mutanen Koira Tegi ko Lazare ko Yamai 2000 su ba ka labari. Mu nan sai wajen ƙarfe biyu ko uku na dare pompo ke fara tsiyaya, mata su kwana zaune gaban bido, da safe yara su tafi lakwal suna gyangyaɗi. A cikin wannan hali ne kuma ake ban ruwan ciyawar rompuwan da tsakiyar gudron da filin hutawar nan da wannan tiyo ɗin dai namu, sau da yawa ma da rana tsaka.

Kar a fahimce mu baibai, ba mu ce a bar itace su mutu ba. Wallahi mun fi kowa sanin darajar inuwa, mu da ke tafiya a ƙasa. Tun 1965 anka fara dasa dogon yaron da ya kewaye Yamai don tare ƙura da iska, kowace 3 ga Agusta kuma ana dashen itace, gari ya yi kyau lokacin taron ƙasashen Afirka na 2019 mun gani mun ji daɗi. Abin da ke damunmu shi ne yadda ake aikin.

Abin feshin nan mai juyawa da ake kafawa cikin ciyawa sai ruwa na da ƙarfi yake aiki, masu harkar tiyo na unguwa sun ce yana son kamar bar 2 zuwa 3 (bar shi ne ma'aunin ƙarfin ruwa), alhali shato mai tsawon mita 10 bar 1 kaɗai yake bayarwa. In ƙarfi ya faɗi ba ya watsawa, sai ya riƙa dalala a gindinsa, nan ya zama caɓi can gefe ya bushe ƙamas. Yaran da ke aikin, su ma ba laifinsu ba ne umarni aka ba su ciyawa ta yi kore, sai su cire shi su saki tiyo baki buɗe a ƙasa su koma inuwa, ruwa ya cika ya malalo bisa gudron motoci na fantsama shi, wanda ya rage rana ta shanye kafin ya kai saiwa. Kuma duk tiyon da anka saki haka a gangare, ɗan ƙarfin da zai hauro mana ne yake zuƙewa. Ciyawar ba ta ƙoshi ba, mu ma ba mu samu ba. In an ce to a maida ban ruwan dare shi ma bai raba gardama ba, don daren ne kaɗai rabonmu, an dai mai da mu kishiyoyi da ciyawa a kan tiyo guda.

Shi ya sa babban roƙonmu a raba hanya gaba ɗaya. Itace ba ya buƙatar ruwan da anka kashe kuɗi anka tace anka sa magani. Ga kogi nan, motar tanki na iya ɗebo ɗanyen ruwa ta zuba a tanki na musamman a kowane babban fili, inda ya yi nesa a haƙa foraj da fanon hasken rana, rana ai ba mu rasa ta ba. Daga tankin a ja ƙananan tiyo masu ɗiga a gindin kowane itace, wanda masu garka ke cewa gut-a-gut, shi baya son ƙarfi, tanki bisa ƙafa kaɗan ma ya wadatar, sai dai a sa abin tace ruwa don ruwan kogi na da laka yana toshe ramukan. Fili in babba ne kar a buɗe shi duka lokaci guda, a yanka shi kashi-kashi kowane da robine nasa, a ba wannan a rufe a koma wancan, da asuba ko bayan la'asar sakaliya.

Sai ciyawar kanta. Gaskiya Baba ita ce mai cin ruwan, kullum sai an ba ta kuma ba ta ba kowa inuwa. A rage ta, a bar ta inda jama'a ke zama kawai, sauran wuri a sa abin da ya san ƙasarmu, dogon yaro, gawo, aduwa, kurna, tsamiya, bagaruwa, waɗanda in sun yi shekara biyu uku sun kama ƙasa ba ruwansu da kowa. Ƙananan dashe kuma a binne musu tulu a gindi a riƙa cikawa ana rufe baki, yana tsatsafowa sannu, matan Bubon na gina tuluna ga su nan kusa su ma sun samu ciniki. A yi wa kowane itace rami mai siffar rabin wata irin na mutanen Adar don tare ruwan damina, a rufe gindin da busasshen ganye maimakon a share a ƙone. Ruwan alwala na manyan masallatai ma da ke bin kwalbati a banza, itacen kusa zai sha.

Kafin duk wannan ya samu, muna roƙon a dakatar da ban ciyawa da ruwan pompo daga yanzu har ruwan sama ya sauka, a riƙa ba itace kaɗai da motar tanki, a kuma gyara tiyon da sunka fashe a filin, wasu sun daɗe suna zuba har kwaɗi sun tare. Samarinmu sun ce in an ba su izini za su ɗauki nauyin cika tulunan da gadin dashen daga awaki, ba su neman ko dala.

Muna roƙon ka kai wannan takarda ga hukumar birni da kamfanin ruwa, ka kuma nema mana ranar zama da su a ƙofar gidanka, su zo da masanansu mu zaga filin tare. Sunaye da sa hannun mutane na wurin liman, za a kawo maka bayan sallar Juma'a.

Allah ya ja zamaninka.

Mu ne,
Mazauna unguwarka, maza da mata