Masu motocin haibirid, ku duba lambar shasi kafin ku zo wurinmu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in ja hankalin masu motocin nan da ke aiki da fetur da lantarki, wato haibirid. Gyaran wayar mota ne sana'ata, kuma yana damuna ƙwarai in ga mutum yana ta kashe kuɗi ana yi masa kame-kame a kan matsalar da kamfanin da ya ƙera motar ya riga ya amsa cewa tasa ce, har ya ce a kawo ya gyara kyauta.

A watan Satumba na 2018 kamfanin Toyota ya kira motoci kimanin miliyan ɗaya, akasarinsu Prius, saboda damin wayoyin da ke shiga na'urar sarrafa wuta yana iya gogar murfi. Mota na tafiya tana jijjiga, ƙura na taruwa a wurin, a hankali robar da ta rufe wayar ta cinye. Daga nan sai waya ta haɗu, zafi ya tashi, gobara na iya biyo baya. Mai mota ba zai ga komai ba, don abin a ɓoye yake ci. Wata guda bayan haka kamfanin ya sake kiran wasu miliyan 2.4, saboda idan na'ura ta samu tangarɗa, maimakon motar ta koma tafiyar lallaɓa har direba ya samu gefen titi, tana iya mutuwa tana cikin gudu. Wannan ba aikin filaya da salatif ba ne, manhajar kwamfutar motar ake sabuntawa. A 2024 ma an ce wa masu Jeep Wrangler 4xe da Grand Cherokee 4xe sama da 150,000 a Amurka su daina yi musu caji, su ajiye su nesa da gini har sai an gyara, don batirin na iya kamawa da wuta.

Inda gizo ke saƙa shi ne, takardar kiran tana zuwa ne ga wanda sunansa ke kan rajistar motar a ƙasar da aka fara sayar da ita. Motar da ta wuce hannu biyu ko uku, ta ƙetare teku, wa zai aiko wa mai ita takarda? Amma lambar shasi tana nan, haruffa da lambobi 17, a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba ko a jikin ƙofa. Idan motar daga Amurka ta fito, shafin intanet na NHTSA, hukumar kiyaye haɗurran hanya ta ƙasar, zai nuna maka ko akwai gyaran da ba a yi ba, ba tare da ka biya ko sisi ba. Kamfanonin ma suna da irin wannan shafi. Dila na iya cewa motar ba ta hannunsa ta fito ba. To ko da hakan ta faru, ka dai san takamaiman abin da za a taɓa.

Ga 'yan'uwana masu sana'a kuwa, don Allah mu ji tsoron wayoyin nan masu ruwan lemo, waɗanda ke ɗauke da babbar wutar batirin haibirid. Batirin da muka saba da shi bolt 12 ne. Na Prius ya haura 200, kuma a wasu samfuran na'ura na ɗaga wutar har 650. Kafin a kai hannu sai an sa safar roba ta musamman, an zare filogin da ke raba batirin, an kuma jira wutar da ta taru a inbata, wato na'urar da ke juya wutar batirin, ta sauka. Goge alamar gargaɗi da kwamfuta a miƙa wa mai mota makulli kuwa cin amana ne, domin iyalinsa zai ɗauka a ciki.

Ina roƙon masu sayar da motoci na hannu su riƙa duba lambar a gaban mai saye kafin a yi ciniki.

Naku,
Wani mai gyaran wayar mota